Lambobin da Ruwan Zamzam Ya Wanke

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya halicci ƙarfe, Ya kuma halicci tsatsar da za ta ci shi.

A gidan da nake haya a unguwar Madain Fahd ta Jidda akwai motar da ta riga ni tarewa. Na same ta a ƙofar gida cikin tamfol, tayoyinta duk sun kwanta, kuliyoyin unguwa na haihuwa a kujerar baya. Tsohuwar motar Amurka ce mai ƙofa biyu, gabanta ya kai tsawon gado, irin waɗanda aka ƙera don gudu da ruri, ba don kai iyali kasuwa ba. Ta marigayi mai gidan ce. Ya daɗe yana tuƙa wani attajiri, da attajirin ya gaji da yadda take shan mai sai ya bar masa ita, aka kira abin kyauta.

Ɗansa ne ya ɗauki alwashin tayar da ita. Haifaffen Jidda ne, magidanci, sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Hausarsa kamar shinkafa da wake take, Larabci ne shinkafar. Ammi yake ce mini, wato baffa. Ya kwashe shekaru yana bin motar gaɓa-gaɓa, har ta yi tari, ta yi atishawa, wata rana ta yi rurin da ya tashi tantabarun layin gaba ɗaya. Saura agogunan da ke gaban direba: babban mai nuna gudu, da ƙananan masu nuna mai da zafin inji. Ya yi wa mahaifiyarsa alkawari ranar ƙaramar Sallah zai ɗauke ta a kujerar gaba zuwa bakin teku, yadda mahaifinsa yake yi mata.

Cikin azumi ya kwance agogunan, ya cire gilasansu da allurorinsu, ya jera fuskokin a faranti, ya ɗora kan kabad a falo. Ya gargaɗi matarsa, ya gargaɗi 'ya'yansa. Mahaifiyarsa Hajiya ce kawai bai gargaɗa ba, don ba a taɓa yin wanda ya gargaɗe ta ya kwana lafiya ba.

Hajiya Bahaushiyar Sudan ce, kuma duk lokacin da ta dawo daga Umra takan dawo da jarkar zamzam da aikin yi. Jikoki a shafe su, sabon firji a yayyafa masa, alƙalamin jarrabawa a tsoma shi. Ni kaina ta taɓa tare ni a matattakala ta yayyafa wa gwiwata ba tare da na kai ƙara ba. Ga shi ba ta sa tabarau a cikin gida. Ta ce gidanta ta san shi, na waje ne ke bukatar a duba su da kyau. To, ta ga kayan mijinta a faranti sun yi ƙura. Ta ɗauko tsumma mai tsabta, ta jiƙa da zamzam, ta yi bisimilla, ta goge su ɗaya bayan ɗaya. Fentin lambobin kuwa zafin ranar Jidda ya gasa shi tun kafin a haifi jikokinta, ya zama kamar alli. Ta ga baƙi wul yana sheƙi, ta ji daɗi, ta je ta yi kwanciyar azahar.

Bayan la'asar ya sauko ɗakina da farantin, ya ajiye a gabana kamar mai kawo gawa.

«Ammi, shuf.»

Na duba. Babu goma, babu ashirin, babu ɗari. Na ce, «An wanke allo ke nan. Ina ruwan? A ba motar ta sha, ko ta ƙara gudu.»

«Wallahi ba lokacin wasa ba ne. Ummi ce. Da zamzam.»

«To ai ta samu tsarki. Wata motar har ta mutu ba ta samu ba.»

Ya dafe kai. Da ya ɗago na ga idonsa ya yi ja, sai na bar wasa. Ya ce lambobin ba su ne damuwarsa ba. Idan ta san da hannunta ta goge abin da mahaifinsa ya yi shekaru yana kallo, ba za ta yafe wa kanta ba, ga hawan jini. Kuma dole ta duba, domin duk zamanta da marigayi aikinta a motar nan ɗaya ne: ta zuba wa allura ido, ta yi masa faɗa.

«Kada ta sani, Ammi. Halas, shi ke nan abin da nake so.»

Ya zaga wuraren da ake sayar da sassan matattun motoci, suka yi masa dariya, wani ya tambaye shi ko yana neman sirdin raƙumi ma. Ya tambaya a ƙasar waje, aka ce sai bayan Sallah kaya zai iso. A nan ya tuna ni. Aikina a wani shagon turare ne a Sharafiyya, ni nake rubuta sunayen turare da farashinsu a jikin kwalabe, da ajami don mutanenmu, da Larabci don sauran bayin Allah.

Na ce masa, «Ɗana, mu tawadarmu don a wanke ta ake dafa ta. Ka kawo ni inda aka yi ɓarna da wanki?»

Ya kawo farin fenti mai kama ƙarfe, da wani buroshi siriri. Na gwada buroshin, ya yi ta rawa a hannuna kamar jelar ɓera. Na ajiye, na feƙe alƙalamin kara irin wanda na saba da shi tun ina gaban malaminmu. Na kuma kafa masa sharaɗi: zan rubuta, amma in ta tambaye ni ba zan yi ƙarya ba, balle da azumi a bakina.

«Ba za ta tambaya ba,» in ji shi.

Akwai hoton agogon a wayarsa, wanda ya ɗauka kafin ya kwance. Ya auna wurin kowace lamba, ya ɗiga mini alama da fensir. Na yi bisimilla na kai alƙalami gefen dama.

«La, la, la! Daga hagu, Ammi!»

«Abin kirki daga dama ake fara shi.»

«Allura daga hagu take tashi. In ka sa sifiri a dama, mota tana tsaye za ta nuna ɗari da ashirin.»

Na ce ai da mahaifiyarsa ta samu abin faɗa tun kafin a tayar da inji. Na koma hagu ina istigfari. Haka muka yi ta yi kullum tsakanin la'asar da shan ruwa, shi yana riƙe da numfashi a kaina, ni ina rubutu. Lambobin Turawa ne, amma hannu ba ya mance gidansu. Biyu ta fito da ƙiba, shida ta yi ciki, kowace lamba ta zauna daram kamar baƙin da ke jiran a yi masa wasali.

«Ammi, wannan takwas ce ko mace mai goyo?»

«Ana karanta ta?»

«Ana karantawa.»

«To ka gode wa Allah.»

Fenti ya bushe, ya mayar da allurori, ya goge gilasai, ya ɗaura komai a mazauninsa. Daga nesa, wallahi, ba ka cewa an taɓa.

Ranar Sallah bayan la'asar Hajiya ta fito cikin sabon lulluɓi, ƙamshi na bin ta, tabarau a hanci. Ni aka cusa a baya, gwiwoyina a haɓata. Ya tayar da inji, unguwa ta girgiza. Ba mu kai ƙarshen layi ba ta karkata, ta kai fuska kusa da agogon.

«Malam.»

«Na'am, Hajiya.»

«Wannan ba hannunka ba ne? Irin shidan da ke jikin kwalbar turarena?»

Na ga ƙeyar ɗanta ta jiƙe nan take. Na ce, «Hajiya, hannaye suna kama da juna.»

«Ban tambaye ka hannaye ba. Kai ka rubuta?»

«Ni ne.»

«Ina na da?»

Ɗan ya ce, «Ummi, rana ce ta cinye...»

«Rufe mini baki, da malami nake magana. Malam, yau ranar Idi ce, ka yi sallah a sahun gaba, na gan ka. Ina na da?»

Na nemi wata ƙofa ban samu ba. Na ce, «Sun bi zamzam, Hajiya.»

A iya zamana a gidan ban taɓa jin shirun Hajiya ba, sai ran nan, kuma ban ji daɗinsa ba. Muka bi titi injin kaɗai ke magana. Ɗan ya shiga ba ta haƙuri kamar shi ya yi gogen, yana cewa laifinsa ne da ya bar farantin a falo, fentin dama ya mutu, ko iska ce ta hura zai tashi. Ta cire tabarau ta share ido da bakin lulluɓi.

«Ashe shi ne farin da na gani a tsumma,» ta ce a hankali. Can ta ƙara, «Lambobi na Turawa ne, su tafi. Amma akwai jan ɗigo a wurin. Ni na sa shi da jan farce, shekarar da aka haife ka. Na ce wa ubanka in allura ta wuce nan, ya sauke ni in tafi da ƙafa. Bai taɓa wucewa ba ina ciki.»

Ɗan ya ce da ya ɗauka tsatsa ce.

«Tsatsa ce uwarka,» in ji ta, ta mayar da tabarau. «Kai kuma har ka yi girman da za ka ɓoye mini abu? Ka haɗa baki da malami? Malam, gobe ka mayar mini da ɗigona.»

«In sha Allah. A ina yake?»

«Kan arba'in.»

Ɗan ya tsaya a danja, ya zaro waya, ya buɗe hoton. «Ummi, shufi, ga shi nan. Kan sittin yake.»

Ko kallon wayar ba ta yi ba. «Lokacin ina da ƙuruciya ke nan.»

Washegari aka sake cire gilashi. Jan farcen jikarta aka kawo, Hajiya na tsaye a kaina da tabarau, a cikin gida, karon farko. Na ɗiga shi kan arba'in. Ta ce ya yi ƙanƙanta, na ƙara masa.

Tun daga nan duk Juma'a da yamma sai ya kai ta bakin teku. Motar da aka ƙera don ta tsere wa iska tana tafe tana gurnani a gefen dama na titi, tankokin ruwa suna wuce ta suna danna mata oda, samari na ɗaukar ta hoto suna tambaya ko injin ne ba lafiya. Shi kuwa ba ya ƙara gudu, don idan allura ta matsa kusa da jan ɗigon yakan ji an taɓa masa gwiwar hannu. Allah Ya jiƙan marigayi mai gidan. Yanzu muka san irin haƙurin da ya yi.