Hajiya Zuwairatu Ya'akubu, Mai Bargon Shanyar Amba

Haihuwa da Tasowa

An haifi Hajiya Zuwairatu a shekarar 1952 a garin Lafiya ta jihar Nasarawa ta yanzu. Mahaifinta, Malam Ya'akubu, tela ne wanda kakanninsa suka zo fatauci daga Kano suka zauna, mahaifiyarta Jumai kuwa 'yar manoman Ashige ce. Ta sauke Alƙur'ani a 1966, amma boko aji huɗu ta yi ta ajiye, domin hankalinta duk yana kan keken ɗinkin mahaifinta. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin ƙyalle a ƙasa ta wuce, har 'yan gidan suka laƙaba mata Uwar Tsumma, sunan da bai taɓa ɓata mata rai ba.

Aure da Sana'a

A 1971 aka ɗaura mata aure da Alhaji Baballe, mai fataucin doya, wanda ya saya mata keken kanta bayan haihuwar ɗansu na fari. Ta shahara da ɗinkin zannuwan gado da barguna na haɗe-haɗen ƙyallaye.

A wancan zamani matan unguwa a rafin Amba suke wanki, Hausawa da Alago da Eggon da Migili da Tibi, kowace da dutsenta da wurin shanyarta, kuma wadda ta kuskura ta shimfiɗa zane a wurin wata, ranar sai ta ji ba daɗi. Maƙwabciyar dutsen Zuwairatu wata Batibiya ce da ake kira Maman Iorliam. Shekaru da dama suka yi suna faɗa a kan sabulu, suna kuma cin abinci a kwano ɗaya.

Ƙirƙirar Zanen

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 rijiyoyin burtsatse sun yawaita, gine-gine sun ci bakin rafin, mata suka fara janyewa. A 1999 ta ƙudurta cewa za ta mayar da wurin cikin bargo kafin ya ɓace. Gwajin farko bai yi ba, domin ta ja ruwan a miƙe, mai gidanta ya duba ya ce ai wannan titin Makurɗi ne. Ta farke shi, ta yayyanka shuɗin yadi mai kusurwa uku-uku ta harhaɗa, har ruwan ya riƙa lanƙwasa yadda yake yi a zahiri. Ta sa yadi mai launin ruwan ƙasa a matsayin yashi, sannan ta kafa wa kanta sharaɗi mai wuya: kowace mace sai an yanko daga ainihin zaninta, a ɗinka shi daidai inda take shanya. Ta bi gida-gida tana roƙo, waɗanda suka rasu kuma ta nemi alfarma wurin magadansu.

Maman Iorliam ta yi alkawarin ba ta saƙin nan na Tibi mai baƙi da fari, amma ta ce sai ya ƙara tsufa, ba za a yanka mata zane mai kyau ba. A 2001, lokacin da hankula suka tashi a yankin, ta kwashe 'ya'yanta ta tsallaka Binuwai ba tare da sun yi sallama ba. Bargon ya kammala, sai gurbi ɗaya a gefen na Zuwairatu.

Teloli sun kwaikwayi zanen, ana kiransa Shanyar Amba, amma na asalin ya zauna a akwati. 'Ya'yanta sun sha ce mata irin saƙin Maman Iorliam yana nan jibge a kasuwa. Amsarta ɗaya ce: “Na kasuwa bai sha ruwan Amba ba. Ku bar mata wurinta.” Taurin kai dai ba wanda ya kai ta a gidan.

Shekarun Ƙarshe

Ta sauke farali a 2008, Alhaji Baballe ya rasu a 2013, ta koma unguwar Akurba wurin ɗanta Abdulhakeem. Daga 2017 ganinta ya fara raguwa har ya ɗauke, abin da ya fi damunta kuwa shi ne ta mutu bargon yana da rami. Duk direban da ta ji zai shiga Binuwai sai ta ba shi cigiyar Maman Iorliam.

A damunar 2022 cigiyar ta kai ga Iorliam, ya zo Akurba da kansa ɗauke da zanen, ya shaida mata cewa mahaifiyarsa ta rasu shekaru uku da suka wuce, kuma har ta bar duniya tana ajiye da zanen, tana cewa na Uwar Tsumma ne. Hajiya ta shafa saƙin, ta yi kuka, ta ce yanzu kam ya tsufa. 'Yarta Bilqis ta yanka ta zura mata zare, amma ta hana kowa ɗinkawa. Da lalube ta ɗinke gurbin, ɗinkin ya fito a karkace.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a watan Sha'aban na 1444, daidai da Maris 2023, tana da shekara saba'in da ɗaya. An yi mata salla a ƙofar gidan ɗanta, aka binne ta a maƙabartar unguwar. Ta bar 'ya'ya huɗu, Abdulhakeem da Bilqis da Mahir da Rahmat, da jikoki masu yawa. Bargon yana hannun Bilqis, wadda ita ma tela ce, kuma duk da ƙwarewarta ba ta taɓa gyara karkataccen ɗinkin nan ba. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.