Mun Gyara wa Akwatin Zaɓe Hanya

Muna layi a gaban firamare, rana ta take, sai ga motar kayan zaɓe ta tsallake kwarin nan lafiya lau. Har tafi muka yi.

A zaɓen kansilolin da ya wuce, cewa aka yi mota ta kasa ƙetare kwarin da ke tsakaninmu da garin Balan. Shi ya sa ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai ta cike shi da buhunan yashi. Ni da furfurata har da ɗaukar kwando.

Malamin zaɓe ya leƙo ta taga.

"Sannunku da aiki, Baba! Hanya ta yi kyau."

"Yawwa, ɗana. Sauke mana akwatinmu."

"Ai naku an gama tun a gari. Kun sha wahala, kada a ƙara muku da tsayuwar rana."

"To wa na zaɓa?"

"Za ka ji a rediyo."

Suka wuce.

Yanzu ƙungiya ta ce aikin gaba katangar maƙabarta ne. Na goyi baya, tunda mazauna can zaɓe bai taɓa wuce su ba.

Ku kun dangwala, ko ku ma an tausaya muku?