Suna na Goma Sha Biyar a Cikin Ƙararrawa

Cuthbert Heslop ya rasu a farkon bara yana da shekara tamanin da ɗaya, jaridar garinmu kuwa layi huɗu ta ba shi. Ni Wilf Stobbs na yi shekara ashirin da biyu ina aiki kusa da shi a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa da ke bakin kogin Tyne, kuma a ganina ba a sallamar mutum irinsa da layi huɗu. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna, ban kuma kai wa kowa ya gyara mini ba.

An haife shi a layin da ke bayan ma'aikatar. Yana da shekara goma sha huɗu aka sa shi a sashen tagulla, inda ya koyi sassaƙa haruffa a jikin ƙarfe da cizal da ƙaramar guduma. Gajere ne mai kaurin damtse, ba shi da yawan magana, kuma ko burodi zai saya sai ya ɗaura nakatayal. Cuddy muke kiransa.

Da yaƙi ya tashi ya shiga sojan ruwa, aka tura shi wani jirgin yaƙi da aka ƙera a nan gabanmu. Sunan jirgin na gaskiya yana cikin takardun hukuma, amma mutanensa Gwaggo suke ce masa, saboda idan zai juya sai ya yi nishi kamar tsohuwa za ta tashi daga kujera. Kyaftin ɗinsu jinin gidan sarauta ne, ko da yake ta nesa, don haka a bayan idonsa Ɗan Gida suke kiransa. Mutum ne mai son gudu a kan ruwa da son a ɗauke shi hoto, amma ya san sunan kowane sojansa har da na matarsa. Cuddy ya ce rabin jirgin na ƙaunarsa, rabi na tsoron inda zai kai su, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake yin duka biyun.

Al'adar ƙararrawa kowa a nan ya san ta. Idan aka haifa wa sojan jirgi ɗa, akan sauke ƙararrawar jirgin a kifar da ita bakinta sama, a zuba ruwa, a yi wa jaririn baftisma a ciki, sannan a sassaƙa sunansa a cikinta. A Gwaggo wannan aikin na Cuddy ne. Sunaye goma sha huɗu ya sassaƙa.

Wata safiya a shekarar 1941, jirgin yana tsaye a kogi, matar Albert Tulip, wani ma'aikacin ɗakin inji, ta kawo 'yarsu mai mako uku. Aka raɗa mata suna Doreen. Kyaftin ya karɓe ta ya riƙe, ita kuwa ta yi masa tumbuɗi a kan zaren zinariyar hannun rigarsa. Ya dubi wurin ya ce yau dai an samu wadda ta faɗa masa gaskiya game da rigar nan. Ba a gama dariya ba umarni ya zo cewa a tashi kafin azahar. Aka zubar da ruwan, aka mayar da ƙararrawa mazauninta ba a sassaƙa sunan ba.

Tulip ya tare Cuddy a bakin tsani ya ce, "Kai gajere, kada ka bar mini 'ya a waje."

"Ranar da muka dawo, kafin na sha shayi," in ji Cuddy.

"Kuma ka yi mata haruffa manya. Na ga na ɗan mai dafa abinci, sai da tabarau ake ganinsu."

Kwana tara bayan haka bam ya faɗa ɗakin inji. Mutum ashirin da uku suka mutu, har da Tulip, aka binne su a teku. Cuddy ya ƙone a gadon bayansa, ya yi wata shida a asibiti, da ya warke aka tura shi wani jirgin. Bayan yaƙi aka farfasa Gwaggo, aka ba wa Kyaftin ƙararrawar, ya rataye ta a gidansa da ke can kudu. Ya ci gaba da hawa muƙami har ya kai ƙololuwa. Cuddy ya koma sashen tagulla, inda na same shi.

A nan ne maganar ta maƙale, kuma wanda bai yi aikin jirgi ba zai ga abin kamar wauta. A jirgin yaƙi ƙaramin soja ba ya tunkarar kyaftin da buƙata. Rubutawa yake yi, ya miƙa wa shugaban ƙananan sojoji, shi kuma ya sa masa rana, sannan ya je gaban tebur ya cire hula. Shugaban ƙananan sojojin Gwaggo wani dogon mutum ne mai suna Ridley, a garinmu yake shi ma.

Duk watan Oktoba tsofaffin mutanen jirgin sukan haɗu cin abincin rana a wani otal kusa da tashar jirgin ƙasa ta Newcastle, Kyaftin kuma bai taɓa fashi ba. Yakan bi layi yana ba kowa hannu. Idan ya iso kan Cuddy sai ya ce, "Heslop, yaya hannun?" Cuddy ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Sai Kyaftin ya ɗan tsaya kamar mai jiran wani abu, sannan ya wuce. Takardar koken Cuddy ta neman izinin sassaƙa sunan Doreen kuwa tana aljihun Ridley tun safe. Kowace shekara Ridley yakan ce lokacin bai dace ba, ba a damun mutumin gidan sarauta da zancen kankarar ƙarfe yana tsakiyar cin abinci. Haka aka yi shekara ashirin da takwas.

Na sha yi masa tsiya a kan wannan. Nakan ce masa yaƙi ya ƙare, shi ma'aikacin tagulla ne, wancan kuma tsoho ne mai shan miya da cokali kamar kowa, ya buɗe baki kawai. Amsarsa ɗaya ce, wai jirgi ba ya tafiya haka. Na ce masa jirgin nan tuni aka mayar da shi tukwane, ya ce tukwanen ma suna da murfi, kowanne da nasa.

Doreen ta girma a ƙarshen layinmu, ta yi aure, ta buɗe shagon soyayyen kifi da dankali. Duk Juma'a Cuddy yana can a layin masu saye. Kawu Cuddy take ce masa, ta san abokin babanta ne, amma ba ta san da alkawarin ba, domin ya rantse ba zai faɗa mata abin da bai cika ba. Uwarta ta rasu ba ta ambata ba. Sau ɗaya na ji Doreen tana faɗa wa wata mai saye cewa ita ba ta da abu ko ɗaya da babanta ya taɓa sa wa hannu dominta. Cuddy ya karɓi kifinsa ya fita bai sa gishiri ba.

Yana da shekara sittin da takwas hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko ya ɓoye shi a aljihu. Daga baya shayi ya fara zuba masa a riga.

A shekarar 1976 Kyaftin ya rasu a kan gadonsa. Washegarin da labari ya iso, Cuddy ya naɗe cizal-cizal ɗinsa a tsumma ya kawo mini, ya ce in riƙe, shi ba shi da sauran aiki da su.

Da bazarar shekarar da ta biyo baya ta shigo sai ga mota ta sauke wani akwatin katako a zauren tsofaffin sojojin ruwa, tare da wasiƙar lauya. Ridley ne shugaban zauren, don haka shi ya miƙe ya karanta a gabanmu. A ciki akwai 'yar takarda da rubutun Kyaftin, ga abin da ta ce:

"Ƙararrawar Gwaggo ta koma garin da aka ƙera ta. Sunaye goma sha huɗu ne a cikinta, alhali yara goma sha biyar aka yi wa baftisma. Ta ƙarshen ta ɓata mini riga. Kowace shekara ina jiran Heslop ya kawo kokensa ta hanyar da ta dace, kyaftin kuwa ba ya zuwa neman koke. A nan na yi kuskure. An amince da koken."

Ridley ya cire tabarau ya zauna. Washegari ya je gidan Cuddy da gwangwanin biskit, takardun koken Cuddy ashirin da takwas a ciki, ya ajiye a kan tebur ya cire hularsa. Cuddy ya ce masa ya zauna ya sha shayi, amma sai dai Ridley ya zuba wa kansa.

Saura hannu. Wasu a zauren suka ce a kai ƙararrawar wurin mai yankan makulli, yana da inji, minti goma an gama. Cuddy ya ce ba inji ne ya yi wa Tulip alkawari ba. Ya zo wurina ya ce shi zai riƙe cizal da hannu biyu, ni in buga guduma, tunda a cewarsa Allah bai ba ni komai ba sai damtse.

A lokacin shekarata hamsin da biyu, kuma ban iya karatu ba. Kullum tabarau nakan ce na bari a gida. Cuddy ya daɗe da ganewa bai taɓa furtawa ba. Ya zana haruffan da alli a kan wani guntun tagulla, yana kiran sunan kowanne kamar da kansa yake magana, muka yi mako uku muna gwaji.

Ranar aikin ya aika aka kira Doreen. Ta zo da rigar aikinta tana ƙamshin mai, tana cewa ta bar kifi a wuta, in dai zancen banza ne za mu gane kurenmu. Cuddy ya miƙe ya cire hula, ya faɗa mata komai tun daga bakin tsani. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta sunkuya ta sa kanta cikin ƙararrawar, ta daɗe tana kallon wurin da aka bari fili.

Da ta ɗago ta ce, "Kawu Cuddy, shekara talatin da shida? Kana cin kifina duk Juma'a?"

"Hanya ce ba ta buɗe ba, 'yata."

"Ku maza da hanyoyinku. Ba ni fitilar nan, Wilf, kada ka fasa wa tsohon nan yatsa."

Ita ta haska mana. Kwana biyu muka yi. Idan hannunsa ya tsananta rawa sai mu tsaya, ya zage ni, mu ci gaba. Haruffan sun fi na ɗan mai dafa abinci girma ninki biyu, na ƙarshen ya ɗan karkace, kuma ya ce laifina ne. Waɗannan su ne haruffan farko da na sani a duniya. Sauran shi ya koya mini a teburin kicin ɗinsa, cikin shekara biyu.

Ƙararrawar tana zauren har yau. Shekara uku kafin rasuwarsa aka sauke ta aka zuba ruwa, aka yi wa jikan Doreen baftisma, aka sa masa suna Albert. Wannan suna na goma sha shida ni na sassaƙa shi, cizal da guduma duka a hannuna, Cuddy yana zaune a kujera da nakatayal ɗinsa yana kushe kowane bugu. Na bar fili a ƙasansa. 'Yar Doreen ta biyu tana da ciki.