Hezekiya Ishaku da Motar Sintiri

Haihuwa da Karatu

An haifi Hezekiya a shekarar 1951 a unguwar Jos Jarawa, ɗa ne ga Ishaku mai haƙar kuza da Suzana mai kiwon awaki. Yana firamare aka sace wa mahaifiyarsa awakinta, ta kai ƙara, ta dawo hannu rabbana saboda ba ta da kuɗin motar ɗan sandan da zai bi sawu. Abin ya tsaya masa a rai har tsufansa.

Aiki da Aure

Ya shiga aikin ɗan sanda a 1971, ya auri Ana malamar makaranta a 1977, ya yi ta yawon canjin aiki har zuwa 2003, lokacin da aka ba shi shugabancin wani ofishi kusa da Tina Junction. Ya tarar da kason kuɗin da ake turowa daga sama ba ya kaiwa ko'ina, motar sintiri tana kan duwatsu kaji na ƙwai a cikinta, talaka kuma sai ya sayi mai kafin a bi masa haƙƙinsa.

Gudummawar 'Yan Kasuwa

A 2004 'yan kasuwa da direbobi, na masallaci da na coci, suka haɗa gudummawa bisa al'adarsu domin a ƙawata wa sabon oga ofis da kafet da kujeru. Ya yi godiya, sannan ya ce musu: "Ku bar ni a kan bencina, ku tayar mini da tsohuwar motar nan, ku riƙa cika mata ciki." Manyansa sun ji haushin zaman benci idan sun kawo ziyara, ana kuma kyautata zaton abin da ya hana shi ƙarin girma ke nan. Bai damu ba ko kaɗan. Daga ranar da motar ta tashi, tana tari tana hayaƙi yara na binta da shewa, ba a sake tambayar mai kawo ƙara kuɗin mai ba.

Ritaya da Rasuwa

Ya yi ritaya a 2006 cikin farin ciki, ya koma kiwon awaki. Ya rasu a watan Nuwamban 2009, aka binne shi a Jos Jarawa. Motar ce ta ja gaban masu rakiya, bayan direbobi sun kusa faɗa kan wanda zai zuba mata mai. Ya bar matarsa Ana da 'ya'ya uku: Alexander, Ishaku ƙarami, da kofur Klaudiya, wadda ita ta tuƙa motar a ranar.