Yadda Na Je Lolo Awon Ci Gaban Mata

Mun tashi daga Birnin Kebbi ana idar da sallar asuba, mu uku cikin wata tsohuwar Landiroba: ni, da direba, da wata ma'aikaciyar asibiti mai karɓar haihuwa, wadda aka haɗa ni da ita don kada a ce mace ta yi doguwar tafiya ita kaɗai. Tunda kun dame ni da tambaya tun ranar da na dawo, bari in ba ku labarin gaba ɗaya, ko wani cikinku ya gane abin da ni na kasa ganewa.

Ga asalin tafiyar. Kun tuna lokacin da aka ɗaga tutar 'yancin kai, manya sun yi alkawari a rediyo cewa ba za a bar mata a baya ba. To yanzu wai za a yi wani babban taro, ana so kowane yanki ya faɗi inda matansa suka kai. Sai babbanmu a ofis ya kira ni ya ce, "Malama, ki je ƙasar Bagudo har bakin iyakar Dahome, ki gano mana ko mata sun ci gaba."

Na ce, "Ranka shi daɗe, da me zan auna?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke ba mace ba ce? In kin gani za ki gane."

Ni dai malamar makaranta ce. Na saba auna yaro da jarrabawa, ban taɓa auna ƙasa ba. Amma ba a yi wa babba gardama, sai na ɗaure kayana.

Har Jega hanya ba laifi. Nan muka tsaya muka sayi masa mai zafi, ta kwabo biyu ta ishe mu mu uku. Daga can kuwa sai gargada da kwazazzabai, don damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, kuma ta tafi da rabin hanya. Kaka ce, ko'ina ana yankan shinkafa a fadama. Duk inda na waiwaya sai in ga mata, wasu na sussuka, wasu na sheƙa, wasu da dami a ka da goyo a baya. Na tambayi abokiyar tafiyata, "Wannan ci gaba ne ko ci baya?" Ta ce ita dai abin da ta gani shinkafa ta yi kyau bana.

Da la'asar muka sauka a wani ƙauye kusa da Zagga, inda aka riga aka aika cewa muna tafe. Mai unguwa ya tarbe mu da fura da nono mai sanyi, sannan ya kai mu wani zaure. Na leƙa sai na ga mata zaune a kan tabarmi, kowacce da allo da alli, gabansu wata dattijuwa mai tsagar goshi, ana kiranta Tumba. Ta buɗe littafi, suka karanta shafi guda ba tuntuɓe. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, ashe aikin ba wuya, ga ci gaba nan na gani da idona.

Washegari motarmu ta kafe a laka ba mu yi nisa ba. Sai da manoma suka bar lauje suka zo da igiya da itace, direba yana ta rantsuwa cewa in ya koma gida dako zai koma yi da jaki. Wuni guda muka ɓata a wurin, muka kwana a Bagudo da ciwon jiki. Da hantsi aka kai mu wani ƙauye a bakin kogin Kwara, shi ma an ce akwai ajin mata. Na shiga zaure da fara'ata. Mata a kan tabarmi, allo da alli. Na dubi wadda ke gaba, sai na ga tsagar goshin nan. Tumba ce. Na dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, su ne dai na shekaranjiya, har da mai jaririn da ya yi ta tari.

Na ja ta gefe na ce, "Inna, ba ke na gani can wajen Zagga ba?"

Ko kunya ba ta ji ba. Ta ce, "Awo, ni ce, ɗiyata. Ta hanyar daji munka biyo, mun riga ku isowa tun jiya."

"To ke 'yar wane gari ce?"

"Ba ko ɗaya. Mu tungarmu tana tsakani, ba a hwaɗa miki ita ba, don mota ba ta zuwa. Maigidana ne yat taɓa shiga ajin manya, yak koya min, ni kuma nik koya ma maƙwabta. Da anka ji kina tahe, kowane gari yaz zo aron mu."

Na tambaye ta me ya sa suka yarda. Ta ce an gaya musu in gwamnati ta ga aji za ta aiko da littattafai, su kuwa littafinsu guda ne tal, sun karanta shi har sun haddace. Jin haka na ce a raina ashe hadda ce na saurara. Na tsuguna na rubuta "kada" a ƙasa da yatsa. Wata matashiya ta leƙo, ta haɗa baƙi da wasali a hankali, sannan ta ce, "Malama, na ruwa ko na hani?" Zaure ya ɗauki dariya. Ke nan sun iya, karatunsu na gaskiya ne, ajin ne na aro. To in ce garuruwa biyu suna da aji, na yi ƙarya. In ce ba su da shi, ga mata sun taka daji da goyo don littafi. Na fito kaina ya fi na shiga nauyi.

A bakin kogi muka bar direba da motarsa, muka shiga kwalekwale. Ruwa ya cika ya batse, ba ka hango wancan gaci sai dishi-dishi. Na riƙe gefen jirgi ina ta salati, wata Bafulatana kusa da ni kuwa da ƙwaryar nono a cinya tana gyangyaɗi abinta. A ƙetare muka samu lorin 'yan kasuwa, muka hau kan buhunan albasa, muka bi ta Illo har Lolo. Warin albasar nan bai bar zanena ba har yau.

Ranar kasuwa muka dace da ita. Ban taɓa ganin taro mai harsuna irin wannan ba: nan Hausa, can Fulatanci, gaba kaɗan Dandanci, ga kuma mutanen Dahome da ke jefa Faransanci in ciniki ya yi zafi. Ga bandar kifi tuli-tuli, gishiri, garin rogo, atamfa mai sauƙi fiye da tamu, da wani burodi dogo kamar sanda wanda na saya na kusa barin haƙori a ciki. Iyakar da nake zaton zan ga katanga ko ƙofa, da aka nuna min, hanya ce kawai ta ratsa gonaki, jakuna na kai da komowa ba mai tambayarsu.

A rumfar wata mai kifi muka zauna hutawa. Sunanta Hajo, mace mai jiki da murya. Jiragen kamun kifi biyu gare ta, maza ke yi mata aiki, tana daga zaune tana ba su umarni. Kusa da ita ƙanwarta ce Dije, wadda ke aure a wani ƙauye can cikin Dahome, da tsohon ciki, ta zo gidan yayarta ta haihu. Da suka ji abin da ya kawo ni, sai ka ce na watsa wa kaji tsaba.

Dije ta ce, "Ai mu mun wuce ku. Mu can mata na jehwa ƙuri'a. Ni da hannuna na jehwa."

Hajo ta ce, "Wa kika zaɓa?"

"Wanda maigida yac ce."

"To kin ji! Shi yaj jehwa biyu ke nan. Kuma in kun wuce mu, mi ya kawo ki nan haihuwa? 'Ya'ya nawa kika binne can?"

Dije ta sunkuyar da kai. Hajo ma ta ga ta yi ɓaranɓarama, ta shiga gyara kifin da ba ya bukatar gyara. Can Dije ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malama, ke da kika yi boko, kike cin albashi, wa kika zaɓa?"

Kun dai sani, mu nan Arewa ba a ba mace ƙuri'a ba. Na ce, "Ban taɓa jefawa ba." Ta dube ni da tausayi na gaske, ta ce, "Allah sarki." Ni da aka aiko in auna su, ga ni ana yi min jaje.

Ba mu gama wannan ba Dije ta dafa ƙugu, fuskarta ta sauya. Ashe tun safe take jin ciwo tana daurewa. Aka kama ta zuwa gidan Hajo a bayan kasuwa, aka kira tsohuwar unguwarzoma ta unguwar, abokiyar tafiyata kuma ta ɗauki 'yar jakarta ta bi su. Ni ma na bi, ban san amfanina ba, sai aka ba ni riƙon hannun mai naƙuda. Ta matse ni har na ji kamar ƙashi zai karye. Tsohuwa na cewa a durƙusa, ta asibiti na cewa a kwanta, Hajo na tsaye bakin ƙofa tana zubar da hawaye, duk muryar nan ta kasuwa ta ɓace. Tana ta cewa, "Ya Allah, kada bakina shi kama ta."

Rana ta karkata sannan aka haihu. Mace ce. Amma ba ta yi kuka ba. Ta fito jikinta saɓule, cibiya naɗe a wuya. Dije ta juyar da kai bango, ta ce a hankali, "Ita ma ta tahi ko?" Abokiyar tafiyata ta warware cibiyar, ta share bakin jaririya da yatsa, ta kafa bakinta tana hura mata iska. Tsohuwa kuwa ta fizgi tasa da ludayin ƙarfe ta shiga bugawa kusa da kunnen yarinya, ƙara kamar za ta tsaga ɗaki. Ni na rufe ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Sai na ji wani ɗan tari, sannan kuka, siriri da farko, daga baya ya cika ɗakin. Hajo ta zube ƙasa ta rungume ƙafafun ƙanwarta tana neman gafara, Dije na dariya da hawaye tare.

Kafin a gama wanke jaririya gardama ta tashi a tsakar gida. Tsofaffi suka ce tasa ce ta tashe ta, haka aka gada. Matasa suka ce iskar 'yar asibiti ce. Aka ce Malama ta raba gardama, tunda tana wurin. Na ce idona a rufe yake. Da mijin Dije ya iso a kan keke, sai wata sabuwa: shi ya ce 'yarsa 'yar Dahome ce, in ta girma za ta yi zaɓe. Hajo, wadda muryarta ta dawo, ta ce a ɗakinta aka binne cibiya, 'yar Nijeriya ce, kuma jirgi guda na jaririyar ne tun yau. Abokiyar tafiyata tana wanke hannu ta ce, "Ku dai bari ta kai yaye tukuna."

An cika mu da kifi da za mu taho. Muka sake hawa lori, muka sake ƙetare Kwara, muka tarar da direba ya yi ƙiba da tuwon shinkafar Bagudo, ya manta da zancen jaki. Duk hanya ina ta juya abin da zan faɗa, ban samu bakin zaren ba.

Da na shiga ofis na fara ba babbanmu labari tun daga Zagga. Ban kai ga kogi ba ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, a taƙaice. An ci gaba ko ba a ci ba?" Na ce akwai wata tunga da ke bukatar littattafai, kuma Lolo na bukatar mai karɓar haihuwa. Ya ce zai duba, kuma na ga alamar da gaske yake. Amma ya maimaita tambayarsa. Na ce, "Ranka shi daɗe, wadda ke da ƙuri'a ba ta da magani, wadda ke da jirage ba ta da ƙuri'a, masu karatu ba su da aji, masu aji ba su da masu karatu. Ni ban san wadda ke gaba ba." Ya ce in je in huta, gajiya ce.

Abin da tafiyar nan ta koya min kaɗan ne, kuma ba shi aka aike ni nema ba. Na koyi cewa in ka tambayi mace ko ta ci gaba, ba ta ce maka i ko a'a, sai ta faɗa maka abin da ta rasa, kuma kowacce nata daban. Na koyi kuma cewa ni ma ina cikin waɗanda ya kamata a je a tambaya.

Jiya da yamma ina tankaɗe a tsakar gida, mahaifiyata na sauraron rediyo, sai ta rage muryar rediyon ta ce, "Ke, wai da kika tahi, mun ci gaban?"

Na ce, "Inna, wallahi ban sani ba."

Ta ce, "To ke da kika je kika gani ba ki sani ba. Ga wanga bawan Allah na rediyo bai je ko'ina ba, yanzu yag gama hwaɗin mun ci gaba ƙwarai." Ta ƙara muryar rediyon, ta ce in yi sauri da garin, magariba ta kusa.