Ranar da Mzee Faki Ya Yabi Iskar Unguja

Duk wanda ya taɓa yin asuba a layinmu na Kariyako, cikin birnin Dar es Salaam, ya san ƙarar kofunan Mzee Faki, wato dattijo Faki mai sayar da gahawa. Ƙanana ne na tangaran, ba su da mariƙi. Yakan jera su a tafin hannu ya riƙa kaɗawa, kas-kas-kas, ɗaya hannun kuma na riƙe da butar gahawa ta tagulla da garwashinta a ƙarƙashi. Da an idar da salla sai mu bi ƙarar zuwa dakalin da ke gaban shagon da nake ɗinki. A nan ake shan gahawa da alewar gyaɗa, a nan kuma ake musu.

Mzee Faki mutumin tsibirin Pemba ne mai arzikin kanumfari, daga garin Wete. Ya zo Dar tun yana saurayi, a nan furfura ta same shi, amma har yau in ya ce "gida" ba ɗakinsa na haya yake nufi ba. Iyalinsa duk suna can. Abokin musunsa kuwa Mzee Pandu ne mai gyaran agogo, ɗan Unguja, tsibirin da baƙi ke kira Zanzibar. Pandu ne ya auri ƙanwar Faki, shi ya sa suke kiran juna shemeji, wato suruki, amma tasu surukutar babu sunkuyar da kai a cikinta.

Musun nasu guda ne, tun kafin in koyi zura zare a allura: tsakanin Unguja da Pemba, wanne ya fi sauƙin zuwa ta sama?

Pandu yakan fara, yana busa gahawarsa. "Shemeji, mu fa jirgi tun daga ƙasar Larabawa yake tasowa ya sauka mana a ƙofar gida. Wani daga Turai. Ƙato, kamar an sa wa masallacin Juma'a fiffike. Ku fa?"

"Namu ƙarami ne, amma ya san mutanensa," in ji Faki. "Babu dogon layi, babu Turawa masu gajeren wando su riƙa taka maka ƙafa. Ka shiga, ka yi bismilla, kafin ka shafa addu'a ga ka a Pemba."

"Wannan ai fara ce, ba jirgi ba. Na ji har auna ku ake yi kamar buhunan kanumfari."

"Abu mai daraja ake aunawa, shemeji. Wa ya taɓa ɗora ɓawon kwakwa a sikeli?"

Sai dakali ya ɗauki dariya. Pandu ya jira ta lafa, sannan ya jefa tambayarsa ta kullum: "Kuma kai tsaye yake tafiya, ko?"

"Kai tsaye mana. Me ya ajiye a Unguja da zai tsaya?"

Dukanmu mun san Mzee Faki bai taɓa taka jirgin sama ba. Duk zuwansa gida a jirgin ruwa yake yi, da tabarmarsa da ƙullin gurasa. Iliminsa na sama a bakin masu shan gahawa ya tsince shi, ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi ya zubar da saura. Mun kuma san ƙaramin jirgin nan yakan ya da zango a Unguja. An taɓa gwada gaya masa, ya ce hassada ce, wanda ya faɗa kuma ya yi kwanaki yana samun gahawar ƙasan buta. Daga nan kowa ya kama bakinsa.

Sai ga auren autarsa Zuwena ya taso. Za a ɗaura ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a Wete. Shi ne waliyyi, kuma tun tana 'yar ƙarama ya yi mata alkawarin cewa gahawar ɗaurin aurenta daga butarsa za ta fito, da hannunsa zai zuba wa mutane. Mata duk sun riga sun wuce, har da matar Pandu. Su biyun suka shirya bin jirgin ruwa daga baya. A makon ne iskar kudu ta taso, teku ta haukace, aka dakatar da jirage. Suka yi ta zarya bakin ruwa ana cewa sai gobe, har goben ta zama Alhamis. Da ɗan Faki ya ga haka, sai ya nema musu kujera biyu a ƙaramin jirgin sama na safiyar Juma'a.

Ranar Alhamis da la'asar Mzee Faki ya zo shagonmu karɓar farar rigarsa. Ina ninkewa ya sunkuyo ya rage murya.

"Ɗana, shi wannan abin, in ya tashi, mutum yana ganin ƙasa?"

Na ce ana gani, amma ba dole ba ne a duba.

"To, madalla," in ji shi. "Ba don ni na tambaya ba. Shemeji ne ba shi da zuciya."

Sauran labarin daga bakinsu na ji, kowa da ranarsa, kuma inda suka saɓa kaɗan ne. An auna su, an auna kayansu. Faki ya yarda a kai jakarsa ciki, ya yarda ya baro garwashi, amma buta da kofuna ya ce sai dai a bar shi tare da su. Aka ƙyale shi ya rungume. Takardun jirgin kuwa ya danƙa wa Pandu, ya ce shi hannunsa ba wuri. Kafin a tashi ya cusa auduga a kunnuwa, ya ɗauko hankici da ya ƙulle kanumfari a ciki maganin tashin zuciya, ya manna a hanci, ya runtse ido, ya kama salati. Saboda haka bai ji matuƙi ba sa'ad da ya waiwayo ya ce za su tsaya Unguja a sauke wasu a ɗauki wasu, masu wucewa Pemba su jira a ɗakin matafiya.

Ba a jima ba taya ta taɓa ƙasa. Faki ya buɗe ido, ya zare audugar, ya dubi surukinsa.

"Ka gani? Ban ma gama lazimi ba."

Pandu ya ce Allah ya gani ya buɗe baki zai yi magana, sai wani abu ya ce masa ya ɗan dakata. Faki ya sauko a hankali, ya dire buta, ya yi sujadar godiya a kan kwalta. Ya miƙe ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika.

"Shaƙi nan, shemeji! Ka ji ƙamshi? Kanumfari tsantsa. Duk duniya babu iska irin wannan. Ku da kuke shaƙar hayaƙin Unguja, ina za ku san ta?"

Hankicin na nan a hannunsa, dab da gemu.

"Ƙara faɗa, shemeji," in ji Pandu. "Kunnena ya toshe."

Ya kuwa ƙara. Ya yabi ƙasar, ya yabi itatuwan kwakwa, ya ce dubi yadda filin jirgin Pemba ya bunƙasa ba a gaya wa mutane. Pandu na biye da shi yana cizon leɓe. Suna shiga ginin sai ga wani ɗan ƙanen Pandu da ke aikin ɗaukar kaya, ya tare shi da gaisuwa. Gaisuwar Unguja kuwa ba ta da gajere, sai an tambayi kowa har awaki. Da Pandu ya juyo, babu Faki. Ya bi ayarin masu fita ya yi waje.

A waje ya tarar da direbobi suna ta kiran fasinja. Ya zaɓi wani mai hula ya ce, "Wete, ɗana, kuma ka yi sauri, aure zan ɗaura."

Direban ya dube shi, ya dubi buta. "Wete ta Pemba, Mzee? Motata ba ta iya iyo ba."

Sai a nan Faki ya gane a Unguja yake. Ya koma ƙofar da ya fito, mai gadi ya ce nan ba a shiga. Ya zaga ɗaya ƙofar aka ce ina takarda, takarda kuwa na aljihun Pandu, wayarsa na cikin jaka a jirgi. Ga jama'a kamar kasuwa, kowa da yarensa. Ya ƙwala wa Pandu kira, muryarsa ta nutse cikin hayaniya. Rana na ta ɗagawa, ga teku a rufe, shi kuma ba abin da yake gani sai Zuwena tana leƙen ƙofa.

Sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya fito da kofuna ya jera a tafi, ya tsaya tsakiyar mutane ya fara kaɗawa, kas-kas-kas, ba ya tsayawa. Wani Bature ya matso yana neman gahawa. Can ciki kuwa Pandu ya duba masallaci, ya duba bayan gida, dariya ta daɗe da barin fuskarsa, don an riga an kira masu zuwa Pemba. Sai ya jiyo ƙarar da ya yi shekaru yana bi kowace asuba. Ya ce rabonsa da gudu tun yana saurayi, amma ran nan har takalmi ya bari a baya.

Suka iso jirgi suna haki. Kowa ya zauna, matuƙi na tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo.

"Na ƙirga kawuna na ga babu mai buta," in ji shi. "Shigo, Mzee, amarya na jira."

An ɗaura aure da waliyyi a zaune a sahun gaba. Garwashi aka samo a maƙwabta, kowa ya sha gahawa daga butar tagulla, aka kai wa amarya nata kofin har ɗaki.

Da suka dawo, asubar farko dakali ya cika fiye da kullum. Pandu ya karɓi kofinsa, ya shaƙi iska da ƙarfi, ya lumshe ido.

"Kanumfari tsantsa! Shemeji, kai tsaye yake tafiya, ko?"

Mzee Faki ya gama zuba wa kowa tukuna.

"Unguja zauren Pemba ne," in ji shi. "Mai tarbiyya ba ya faɗawa gida sai ya yi sallama a zaure."

"Har da sujada a zauren?"

"Ƙasar Allah ce duka. Amma gaya mini, shemeji, wannan ƙaton naku mai kama da masallaci, ya taɓa ƙirga kawuna ya ce babu mai buta?"

Pandu ya kurɓe sauran gahawarsa. Sai ya miƙa kofi a ƙara masa, Faki kuma ya zuba masa daga saman buta.