Muryar da Yaya Ya Goge

Yayana mai gyaran firji ne, kuma duk unguwa an san idan an kai masa firji ba ya fara da kwancewa. Sai ya sa a jona, ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, ya rufe ido, ya ɗaga wa mai kayan hannu alamar ya yi shiru. Can sai ya ce, "Fankar ce ta karkace," ko kuma, "Injin ya gaji, kada ka wahalar da kanka." Ba a taɓa ƙaryata shi ba. Mutane suna ta yabon wannan kunne nasa. Ni kuwa da za a tambaye ni, cewa zan yi kunnen nan shi ya cuce shi, ya haɗa da mu.

Yaya yana da murya. Ba don ciki ɗaya muka fito nake faɗa ba. Murya ce mai kauri, mai sanyi, wadda idan ya ɗauko waƙa yana wanke babur a ƙofar gida sai ka ga mai wucewa ya rage tafiya. Bai taɓa neman zama mawaƙin da za a sani ba, ko a taron dangi sai an yi da gaske yake buɗe baki. Burinsa guda ɗaya ne: ya rubuta waƙoƙinsa, ya naɗe su da kansa a gidansa, ya ba kowa a cikinmu ya ajiye. Ni ce autarsu, shi ya sa aka fi yi min alkawari. "Ke za ki fara ji, Auta." Shekara goma sha shida ina jin wannan magana.

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan kicin ɗinsu da aka gina don ajiye buhuna. Nan ya mayar wurin aikinsa. Ya lulluɓe bangon da kiret ɗin ƙwai da tsofaffin barguna, ya manna guntuwar katifa a bayan ƙofa. A kan tebur akwai kwamfuta wadda ta girmi 'ya'yansa biyu, da ɗan fiyano, da jita mai tsagewa a gefe. Makirfo kuwa yana cikin durowar kaya, tsakanin rigunan matarsa da ta daina sawa, don wai tufafi suna shanye amsa-kuwwa. A can yake cusa kansa ya yi waƙa, ƙato da shi, gumi yana ɗiga ta gemu.

Ranar Asabar da Lahadi da hantsi yake shiga. Kafin ya shiga sai ya zagaye gidan ya kashe firji, ya kashe fanka, ya cire batirin agogon bango. Gidan mai gyaran firji, amma duk ƙarshen mako ruwa mai ɗumi ake sha. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta yi ƙorafi har ta gaji, ta koma daka kayan miya tun ranar Juma'a don kada turmi ya shiga waƙa. Matar nan ta yi haƙuri, wallahi. Ni da kwana biyu ba zan yi ba.

Kuma aikin ya yi. Waƙa goma sha huɗu ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango, ya naɗi kiɗansu duka, jita daban, fiyano daban, ya jera su tsaf. Abu ɗaya ya rage, wato ya ɗora murya. A nan ne halinsa na shago ya biyo shi gida.

A shagonsa, duk wani ƙarfe da ya cire daga firji ya ga ya lalace, ba ya ajiye shi. Take yake ɗora shi a kan dutse ya ba shi guduma. Dalilinsa shi ne, abin da ya lalace idan ya kwana a shago, wata rana gaggawa za ta sa a mayar da shi cikin firjin wani. A shago wannan gaskiya ce da amana, kuma ita ta sa ake layi a ƙofarsa. To haka ya ɗauki muryarsa. Ya rera waƙa, ya fito daga durowa, ya sa abin sauraro a kunne, ya rufe ido. Da ya ji wani ɗan abu da bai yi masa ba, sai ya goge. Ba ya barin ta a kwandon sharar kwamfuta ma, har can yake bin ta ya share.

"Idan na bar ta zan saba da ita," in ji shi. "Idan na saba da ita zan ce ta yi."

Na ga wannan ɗanyen aiki da idona wata Lahadi, shekara uku da suka wuce. Ya bar ni na zauna a kan buhu a kusurwa, bisa sharaɗin ko tari ba zan yi ba. Waƙar Babanmu ya rera, wadda ya rubuta a kan yadda marigayin yake yin fito da baki daga bakin layi idan ya taso aiki, don mu san ya dawo mu fito da gudu. Tun kafin ya kai rabi na toshe bakina da mayafi. Na ga Baba, na ga takalminsa, na ga ledar da yake riƙewa. Yaya ya fito ya saurara, ni ina ta sharar hawaye, sai na ga ya yamutsa fuska.

"Kin ji?"

"Na ji mene ne?"

"Wajen baiti na uku. Firizar maƙwabta ta tashi. Ta bango ta shigo."

Ya miƙo min abin sauraron. Na kasa kunne har kaina ya yi ciwo, ban ji komai ba sai muryar yayana. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka bar wannan. Babu wanda zai ji firiza sai kai." Ya ce ai shi ya ji. Ina magana yana danna abin, kafin in rufe baki waƙar ta tafi. Ranar ko sallama ban yi wa Anti ba. Na yi wata biyu ban taka gidan ba, shi kuwa ko a jikinsa, har aiko min da saƙo yake wai ya gano inda zai ƙara bargo.

Bara ne wani ƙullutu ya fito masa a wuya. Ya yi ta ɓoye shi da kwalar riga har Anti ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Ni na raka su ranar da sakamako ya fito. Likitan bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce dole a cire, nan da kwana tara, kuma ƙarin yana kwance a jikin jijiyar da ke motsa murya. Za su yi iya ƙoƙarinsu, amma muryar tana iya dawowa daidai, tana iya dawowa a shaƙe, kuma ba zai ɗaukar mana alkawari ba.

Da muka isa gida na ce, "Yaya, kwana tara, waƙa goma sha huɗu. Biyu a rana, har da ranar hutu." Ya gyaɗa kai. Ya rufe shago, ni na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa, na tare a gidan. Anti ta bi maƙwabta gida-gida tana roƙon su rage hayaniya da rana. Mai firizar nan har kashe ta ya riƙa yi, Allah ya saka masa. Mai injin niƙa na bakin layi ya yarda ya tsaya daga sha ɗaya zuwa ɗaya. Layi guda ya yi shiru saboda mutum ɗaya.

Shi kuma mutumin me ya yi? Kwana huɗu na farko ya ƙarar da su yana farautar wata ƙara. Wai akwai wani zuuu siriri a ƙarƙashin sautin. Ya canza waya, ya kwance makirfo, ya sake haɗawa, ya ja tebur daga bango, ya kwanta a ƙasa da abin awon wuta yana bin soket ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a kansa kamar in fashe.

"Yaya, wuyanka za a yanka ranar Alhamis, ba waya ba!"

"Shi ya sa nake so ta fita tas, Auta. Wannan ce za ta zauna."

Rana ta biyar ya gano ƙarar, wai daga cajar kwamfuta take. Ya shiga durowa. Muna tsakar gida ni da Anti, muna jin muryar tana fitowa ƙasa-ƙasa ta cikin katifa, sai ta kama hannuna ta matse. Ya rera waƙa uku a ranar. Da yamma na tambaye shi nawa aka samu. Ya ce numfashinsa yana fita da ƙarfi a ta farko, ta biyu ya ja wata kalma, ta uku ta kusa. Na ce ina suke. Ya kawar da kai.

Washegari na yanke shawarar yin sata. Na lallaɓa na tura wayata ta ƙarƙashin ƙofa, ta ɗauki waƙar Baba daga farko har ƙarshe. Sautin ya dushe, akwai ƙarar takalmina, amma muryar tana nan. Tsautsayi ya sa ya buɗe ƙofa kafin in janye, ya taka wayar. Ya ɗauka, ya duba, ya miƙo min. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na rama. Cewa ya yi, a hankali, "Haka kike so a tuna da ni? Ta ƙarƙashin ƙofa? Ki ba ni zuwa Laraba, ni zan ba ki mai kyau da hannuna." Idonsa ya kawo ruwa. Ni kuma, wawiya, da ilimina da komai, na goge ta a gabansa da yatsana. Cikin duk abin da ya faru wannan ya fi ƙona min rai, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba.

Laraba ta zo muryar ta gaji. Mutumin da ya saba waƙa sau biyu a mako ya yi kwana huɗu yana maimaita baiti ɗaya sau talatin, ga ƙari yana danne masa maƙogwaro. Ya shiga durowa ya fito bayan minti goma, ya kashe kwamfuta, ya mayar da batirin agogo da kansa. Ya ce, "Bayan aiki, in Allah ya yarda."

An yi aiki, an cire ƙarin, kuma ba mugu ba ne. Mun gode wa Allah, ina kuma gode masa har yanzu, don yayana yana raye, yana cin abinci, ya koma shago. Amma muryar ba ta dawo ba. Abin da ya rage wata 'yar shaƙaƙƙiyar raɗa ce, sai ka matso kake ji. Likita ya ce a ba ta wata shida. Aka ba ta shekara. Yanzu idan zai kira Anti daga ɗaki, tafi yake yi.

Dangi suna zuwa suna cewa ƙaddara ce. Ciwon ƙaddara ne, na yarda. Amma shekara goma sha shida na gogewa ba ciwo ne ya yi su ba, kuma duk wanda ya ce in daina faɗa sai mun ɓata. Mun bincike wayoyin gidan kaf da na 'ya'yansa. Akwai hotunansa ɗaruruwa, akwai bidiyonsa yana gyara, yana dariya, yana cin abinci. Babu inda yake waƙa, don duk wanda ya ɗaga waya yana rerawa sai ya yi shiru.

Watan jiya na je gidan da rana na tarar da ƙofar ɗan ɗakin a buɗe, karo na farko tun bayan asibiti. Yana zaune gaban kwamfuta, Anti tana tsaye a bayansa. Ya yafito ni. Ya cire abin sauraro ya mayar da sautin lasifika, ya buɗe waƙar Baba, ya ja ta baya can farko, wurin da kiɗa bai fara ba. Sai ga muryarsa, ta da, cikakkiya, ta cika ɗakin.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

Jita ta shigo. Ashe duk lokacin da zai naɗi jita sai ya ƙirga don ya kama kiɗan, makirfo kuma ya ɗauka. Bai ɗauki ƙirgar a matsayin waƙa ba, shi ya sa bai taɓa sauraron ta da kunnen neman laifi ba. Haka take a farkon kowace waƙa. Abin da ya rage mana ke nan.

Ya sake mayarwa ya saurara, ido a rufe, kai a karkace. Na san wannan zaman, na matso kusa da hannunsa don in riƙe shi. Sai ya buɗe ido ya dube ni. Na sunkuya don in ji abin da zai ce.

"Auta," ya ce cikin raɗa, "ashe babu abin da ya same ta."

Na yi shekara ina tanadin maganganun da zan faɗa masa a irin wannan rana, masu zafi, na jera su ɗaya bayan ɗaya. Ko guda ban iya furtawa ba. Anti ta juya ta fuskanci bango. Ya ture min linzamin kwamfutar, ya yi min alama da yatsa in buɗe ta gaba. Na buɗe. Muka zauna mu uku muka saurari duka goma sha huɗun, kowace ya ƙirga zuwa huɗu da muryarsa, kiɗa ya tashi, ya yi ta tafiya har ƙarshe babu mai rerawa.